Layi Na Tara

Ran Laraba, bayan maganin safe,
Doreen ta ce, "Uwani, ɗauko min kwat,
yau za mu gaida Colin."
Na tura kekenta muka bi ta bakin Humber,
iska na yankan kunne kamar sabuwar aska,
Hull duk ta jiƙe, tana warin gishiri da tsohon ƙarfe.

A jakarta akwai takarda, ninki ya cinye ta:
layi na tara, kabari na goma sha biyu.
Kwana uku ya yi a duniya,
ko sunan bai gama kama shi ba.
Shekara sittin da ɗaya ke nan.

Ƙofar maƙabartar na nan, sai dai ba ta tsare komai.
Kwaɗo ya rataye a sarƙa, baki buɗe.
Ƙaya ta haɗiye hanya, dole na ja keken da baya.
Wani mutum-mutumi mai fiffike, kai ya gutsure,
yana nuna sama da yatsan da babu.
An kwashe duwatsun kaburbura an jingine a katanga
kamar alluna bayan an tashi karatu,
sunaye na kallon sunaye,
masu sunan kuwa, oho.

Na durƙusa ina kankare gansakuka da makullin gida.
Ga masunci: teku ya riƙe gawa, dutse ya riƙe suna.
Ga wata da miji ya rubuta mata, ba za a manta da ke ba.
Ruwan sama ya lashe rabin alkawarin.

Muka fara ƙirga daga bishiyar da ta tuna.
Ɗaya, biyu, har shida.
Na bakwai, sai shingen waya.
Bayansa kwalta ce shimfiɗe, an ja mata fararen layuka,
filin ajiye motocin babban kanti.
Layi na tara yana can,
ƙarƙashin wata jar mota
mai kujerar jariri a baya.

Ba ta yi kuka ba.
Ta ce, "Ashe sun yi masa rufi, ruwa ba ya taɓa shi."
Dariyar ta karye mata a maƙogwaro.

Ni kuwa sai Malumfashi ta faɗo min.
Mu ba ma sassaƙa suna.
Tudun ƙasa, fasasshen tulu, shi ke nan.
Ban taɓa ganin na Baba ba, mata ba sa rakiya,
yayana ne ya kawo min kwatancen Malam Ɗanjuma mai haƙa:
taku bakwai daga kuka, dama da na Sarkin Aska.
Bara aka bugo min waya, Malam Ɗanjuma ya bi su,
damina kuma ta ɗebi gefen gabas ta kai rafi.
Su dutse suka ba amana, mu mutum,
ƙasa ta karɓe daga hannun kowa.

Muka zagaya ta titi.
Mai gadin kantin, yaro ne, ya ce mun tare hanya.
Doreen ta miƙo min furanni uku, ɗaya kowace rana.
Na sunkuya na ajiye su a kan farin layi,
tsakanin taya da taya.
Ban san addu'arta ba, ba ta san tawa ba.
Muka yi shiru tare.
Yaron ya cire hularsa, bai san dalili ba.

A hanyar gida barci ya ɗauke ta,
iska ta fizgi takardar, na cafke, na sa a aljihu.
Yanzu ni ce Malam Ɗanjuman Colin:
taku ashirin daga shinge,
hagu da inda ake tara kekunan sayayya.

Bizata za ta ƙare a watan Maris.
Wa zan bar wa kwatancen?